Awara Uku da Yaji

"Buɗe mini tagar nan, Talatu. Ke ba ki jin abin da nake ji?"

Talatu ta ajiye kofin magani ta tura tagar. Waken suya ne a bayan ɗaki, ya bushe a tsaye, ganye ya zube, rana na dukan kwanson yana fashewa tas, tas, ƙwaya na watsewa a ƙasa. Kunya shida Harira ta yi da hannunta farkon damina, kafin ciwon ƙoda ya kwantar da ita.

"Wake ba ya jiran mai shi," in ji Harira daga kan katifa, ƙafafunta a kumbure. "Ki tuge shi yau, ki buge, ki yi mini awara."

"Haba Yaya, kin dai san abin da likita ya ce."

"Likita ya ce, Asma'u ta ce. To ni me na ce?"

Shekara talatin Harira na suyar awara a ƙofar gidanta a Unguwar Dosa, kuma ba ta taka kasuwar Kawo neman wake sai nata ya ƙare. Wai na kasuwa ba madara a jikinsa. Yau ga ta, sau biyu a mako ana kai ta wankin ƙoda, ban da wake, ban da gishiri, ruwan sha ma sai an auna. Asma'u, 'yarta tilo, ta rubuta dokokin a takarda ta manna a ƙofa. Da yake tana aiki a sakatariya, sai ta damƙa wa Talatu, maƙwabciyarsu ta katanga ɗaya, makullin gidan, ta ce, "Mama Talatu, amana na ba ki. Don girman Allah ko loma ɗaya." Talatu ta ce ta ɗauka, da bakinta, ba wanda ya matsa mata.

To ga shi nan fa. Gaba kura, baya siyaki.

Waken kam ta tuge, ta shanya, ta buge shi da sanda. Daga nan ta shiga kame-kame. Yau bai gama bushewa ba. Gobe ba wuta. Jibi injin markaɗe ya lalace.

"Ƙarya ba ta yi miki kyau, Talatu. Ina jin ƙarar injin daga nan."

Sai Harira ta daina roƙo, wannan kuwa ya fi roƙon ciwo. A kawo mata farar shinkafa lami, ta dube ta, ta juya fuska bango. Wuni guda Talatu na zaune a gefenta, ba hira, sai fanka na juya zafi.

"An kulle ni da raina," in ji Harira ran nan, ba ta ko juyo ba. "Ke kuma aka ba makullin. Ke da muka yi wankan jego a tukunya ɗaya."

Talatu ta koma gida ta yi kuka a madafi. Wallahi haushi take ji, haushin Asma'u da takardarta, haushin Harira da bakinta, ta kuma fi jin haushin kanta.

Ran Alhamis ta jiƙa waken kofi biyu tun asuba. Ba ta kai injin layinsu ba, don bakin mutane. Adaidaita ta hau har Kawo ta markaɗo. Ta tace da ƙyalle, ta tafasa, ta zuba ruwan tsamin kamu har ya dunƙule, ta ɗaure ta danne da dutse. Guda uku ta soya, ta barbaɗa yaji, ta rufe a kwano, ta sa a ƙarƙashin hijabi, tana waige-waige a layin da aka san ta shekara ashirin da biyar.

Harira ta tashi zaune ba wanda ya tallafe ta. Ta yi bisimilla. Ta ci a hankali, ido a rufe, ba ta bar ko ɓurɓushi ba.

"Tsami ya yi yawa," ta ce. "Hannunki nauyi gare shi, tun fil azal." Ta lashe yatsa. "Allah ya yi miki albarka."

Talatu ba ta ce amin ba. Tana can tana goge mata baki, tana kaɗa mayafi don ƙanshin mai ya fita kafin Asma'u ta dawo aiki ƙarfe huɗu.

Ran Asabar da hantsi Harira ta cika.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Talatu na cikin waɗanda suka yi mata wanka. Kowa ya shigo sai ya ce kwana ne ya ƙare, ita ma ta san haka, ai ba jahila ba ce. Amma zuciya ba ta jin wa'azi. Alhamis, Juma'a, Asabar. Haka take ta nanatawa. Mafi muni, duk baƙuwar da ta zo gaisuwa sai Asma'u ta nuna ta: "Ga Mama Talatu, ita ta riƙe mana Umma, ta riƙe amana." Sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, mata suka ragu. Talatu ta zame bayan ɗaki, ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko sauran waken a faifai tana tsince tsakuwa, don dai ta guje wa idon mutane. Nan Asma'u ta same ta. Ta tsaya a kanta, ido jawur.

"Mama, ni na kasa. Ran Laraba ta kama hannuna ta ce awara guda ɗaya tak. Na ce a'a. Har murya na ɗaga mata." Ta share hawaye. "Tun watan jiya likita ya gaya mini sai dai addu'a. To me nake tsarewa? Uwata ta tafi da kwaɗayin abin da ta shuka da hannunta. Ni na hana ta."

Talatu ta ajiye faifan. In ta yi magana, gobe a ce a unguwa ita ta ƙarasa Harira, kuma ba ta da bakin musu. In ta yi shiru, yarinyar nan za ta ɗauki wannan kaya har nata kabarin.

"Ta ci," in ji Talatu.

"Na'am?"

"Ran Alhamis. Ni na yi mata, da wakenta. Na ci amanarki, Asma'u. Duk abin da kika ga dama ki yi mini."

Can a titi wani mai adaidaita yana ta danna ham.

"Guda nawa?"

"Uku."

"Da yaji?"

"Da yaji."

"Ta cinye?"

"Har ta lashe yatsa. Ta ce tsami ya yi yawa."

Wani sauti ya kuɓuce wa Asma'u, ba a ce dariya ba, ba a ce kuka ba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Sannan ta tuɓe takalmi, Talatu ta matsa mata gefen tabarma, ta zauna ta jawo faifan tsakaninsu. Hannu huɗu suka ci gaba da tsintar tsakuwa, hawaye na ɗiga a kan waken, har inuwar katanga ta rufe su.