Ranar da Allon Zulfa Ya Yi Ja

Zulfa tana tsaye a kan kujera tana gyara wayar caji lokacin da ɗan akwatin da ke kusurwar allon ya daina juyawa, lamba ta bayyana.

"Ta fito! Baba, wallahi ta fito!"

Alhaji Jafaru ya ajiye kofin shayinsa, ya matso yana gyara tabarau. Allon tsohuwar tabilet ce da Zulfa ta kafa a bangon falon gidansu na unguwar Hausare. Da ma tana nuna cajin batirin sola da ruwan da ya rage a tanki. Yau sabon akwati ya ƙaru, kore shar, an rubuta Binuwai a samansa.

"Wannan lambar tsayin kogi ne a yanzu," in ji ta. "Wannan layin kuma hasashen kwanaki masu zuwa, daga intanet nake jawo shi. Kore lafiya, rawaya a shirya, ja a gudu."

"Wa ke tsaye a bakin kogin yana faɗa miki?"

"Ba kowa, Baba. Na'ura ce."

Ita ta harhaɗa ta da hannunta. Olivier, abokin karatunta tun makarantar fasaha, ya ɗaure ta a ƙarƙashin dandamalin ƙarfen da injin ban ruwan Goggo Khaula yake kai. Na'urar tana aika sauti ƙasa, ya bugi ruwa ya dawo, ta gane nisan. Tun shekarar da ambaliya ta tafi da injin Goggo da rabin lambunta, Zulfa ta sa wa ranta wannan aiki.

Alhaji ya ɗauki hoton allon, ya tura wa abokansa na kasuwa. Bai gama karanta amsoshinsu ba, akwatin ya koma rawaya. Kafin Zulfa ta sauko daga kujera, ya yi ja. Lambar ta haura kusan mita guda.

Ta duba hasashen. Layinsa a kwance yake, babu alamar komai. Ko na'urar ta lalace, ko kuwa ruwa ne ya taso daga madatsar ruwa ta Lagdo wanda hasashen bai gani ba tukuna. Ta tuna fuskar Goggo a waccan shekarar, tana tsaye cikin laka tana kallon inda injinta yake a da. Sai ta danna lambarta.

"Goggo, kina lambu?"

"Ina kasuwa, Zulfa. Lafiya?"

"Ruwa na hawa. Ban tabbatar ba, amma na'urar ta ce yana hawa da sauri."

"Innalillahi! Bari in kira ma'aikata su sare masarar nan, su kwance injin. Ga ni nan tafe."

Tana sa takalmi ta ji muryar Alhaji a bayanta, yana aika saƙon murya zuwa zauren unguwa: duk mai kaya a bakin kogi ya kwashe, na'urar 'yarsa ta gani.

Olivier ya iso da motonsa mai ƙafa biyu, ko hula bai ɗaure ba. Ta hau baya, kwamfuta a jaka, waya a hannu.

"Har yanzu ja?" ya tambaya da ƙarfi, suna ratsa layin masu gasa kifi.

"Ja! Yana ɗan sauka, yana sake hawa."

"C'est bizarre, abin da mamaki. Ruwa ba ya yin haka."

"Kai dai ƙara wuta!"

Duk da tsoron, ta ɗan ji alfahari. Abin da ta ƙera a ɗakinta ya tayar da unguwa guda. Motoci masu ƙafa biyu na bin su a baya, wani ma da baro yake gudu.

Masarar Goggo tana can sama, nesa da gaɓa, dogayen ciyawa sun kare kogin. Ma'aikata sun riga sun sare kusan rabinta, ɗanya, ko gemu bai bushe ba. Amma injin yana nan inda yake. Mutanen da aka tura su kwance shi suna tsaye a kan tudu, sun yi cirko-cirko.

Zulfa ta kutsa tsakaninsu. Binuwai yana kwance abinsa, ja-ja da laka, daidai inda ta bar shi jiya. A ƙarƙashin dandamalin kuwa, wani ƙaton baya ne mai sheƙi ya taso daga ruwa, yana goga jikinsa da ƙafar ƙarfen. Ƙananan kunnuwa biyu suka kaɗa.

"Dorina," in ji Olivier a hankali. Sai ya riƙe ciki. "Zulfa, bayanta muke aunawa!"

Dariya ta ɓarke a kan tudun. Mai baro ya zauna a cikin baronsa yana share hawaye. Wani ya fara ɗaukar bidiyo. Zulfa ba ta yi dariya ba, masarar da ke zube take kallo.

Goggo Khaula ta sauko daga moto, mayafi a kafaɗa. Ta dubi masarar, ta daɗe. Ta dubi kogin. Ta dubi dabbar.

"Goggo, ki yafe mini," in ji Zulfa. "Da na fara zuwa na duba."

"Da ruwa ne fa, kina hanya yana cin injina?" Goggo ta miƙa hannu. "Nuna mini abin."

Zulfa ta ba ta wayar. A daidai lokacin dorinar ta ja numfashi, ta nutse. Lambar ta gangaro a hannun Goggo, ja ya koma rawaya, rawaya ya koma kore. Mutanen da suka leƙo ta kafaɗarta suka sa ihu kamar an ci ƙwallo.

Goggo ba ta ɗaga kai ba. "Wato duk sanda wannan ta zo, abin nan zai sani?"

"In ta shiga ƙarƙashinsa, zai sani. Ruwa a hankali yake hawa, ita kuwa farat ɗaya. Zan iya koya masa ya bambance."

"Ta nan take hawowa. Bara ita ta cinye mini kabewa da dankali, ba ruwa ba. Matan da ke wanki can ƙasa ma kullum a tsorace suke." Ta mayar mata da wayar. "Ki bar wa ruwa jansa. Ita ki nemo mata nata launin, ki sa ya yi ƙara a wayata."

"Da tawa," in ji mai baro. Wasu biyu suka ɗaga hannu.

Goggo ta juya ga ma'aikata, ta ce su ɗaure masarar da aka sare, a kai wa tumakin Alhaji, tun da shi ya yi shela. Zulfa ta zauna a kan dami ɗaya, ta buɗe kwamfuta a gwiwarta. Ta fara rubuta wa na'urar sabon umarni.