Rago a Ƙofar Haddu

A ƙauyenmu na kan dutse, sama da garin Hanifra, akwai wata tsohuwa mai suna Itto wadda ta doshi shekara tamanin ba ta taɓa yi wa mahaifinta sadakar mamaci ba. Ba rowa ta hana ta ba. Ba ta san ko ya mutu ba ne.

Sunansa Assu. Tana goye ya shiga sojan Faransa, aka haye da su teku zuwa yaƙin Italiya. Masu sauran kwana suka dawo, waɗanda suka mutu aka aiko wa danginsu da labari ta hannun hakimi. Shi kuwa shiru. Mutanenmu ba su iya barin shiru ya zauna lafiya ba, sai suka cika shi da ƙarya, wai ya ga wata Baturiya ya bi ta, ya mance da matarsa da 'yarsa. Masu faɗin haka babu wanda ya taɓa wuce kasuwar Hanifra a cikinsu, amma da wannan maganar Itto ta girma, da ita aka yi mata gori a bakin rijiya, da ita ta tsufa.

Assu ba haifaffen ƙauyenmu ba ne. A shekarar yunwa ya zo daga kudu, ƙafa ba takalmi, wani mai tumaki da ake kira Bassu ya karɓe shi. A al'adarmu idan baƙo ya yi wa gida kiwo aka yarda da halinsa, sai a yanka rago a gaban dattawa, a ba shi 'yar gidan, ya zama ɗa. Daga ranar sunan mai gidan yake amsawa. Wanda ya sake ambaton sunan ubansa na asali ya zagi gidan ke nan, kuma tararsa rago ce. Haka Assu ya auri Yamna 'yar Bassu, ya zama Assu ɗan Bassu, suka haifi Itto.

Wani lokacin sanyi ciwon ƙirji ya kwantar da Itto. Jikarta Rabha, wadda ke aiki a wani kantin magani a Hanifra, ta hau dutse ta zo jinya. Tana shafa mata mai a baya sai tsohuwar ta ce, "Ke 'yar nan, ba mutuwar nake tsoro ba. In na je na tarar da shi, ban san da wace fuska zan gaishe shi ba."

Rabha ta gama shafa mata man, ta lulluɓe ta. Da ta koma gari sai ta nemi adireshin ofishin da ke ajiye takardun tsofaffin sojoji a Faransa, ta rubuta musu tana neman Assu ɗan Bassu na ƙabilarmu. Bayan watanni suka amsa cewa babu mai wannan suna. Ta sake rubutawa, ta sauya shekarun, amsa ɗaya. Ta ɗauki hutunta ta tafi Rabat, babban birnin ƙasarmu, ta yini a kan benci a ofishin tsofaffin sojoji, nan ma babu. Labari ya iso ƙauye, abin ya ƙara muni. Aka ce to ga shi nan, ko sojan ma ba su san shi ba, ashe tun daga tashar mota ya gudu. Na ji wannan da kunnena a bakin masallaci, daga bakin mutanen da suka fito daga salla.

Da wata yarinyar ce, da ta haƙura. Rabha ba ta haƙura ba. Duk tsohon da ya shigo kantin sayen maganin gwiwa, in ta ga alamar ya yi soja, sai ta ba shi kujera ta tambaye shi yadda aka ɗauke su. A haka wani dattijo da ya yi wa Faransa yaƙi can a ƙasar Indocin ya gaya mata cewa ranar ɗaukar soja, tafinta ba ya tambayar gidan wa kake ci, wanda ya haife ka yake tambaya da garin da aka haife ka. Ya ce ya san baƙi irin Assu da yawa, kuma mutumin da ya san yana iya mutuwa ba ya son a binne shi da sunan aro.

A nan ta gane kuskuren. Dukanmu mun ɗauka sunan da ƙauye ya ba mutum shi zai bi shi har bangon duniya. Sai dai sunan uban Assu na asali Itto ba ta taɓa jin sa ba, domin uwarta ta mutu ba ta furta shi ba. Mutum ɗaya ya rage da ya sani: Haddu, jikan Bassu ta wajen ɗa, wanda yanzu shi ne babban gidan. Tsoho ne mai taurin kai, ya ɗan girmi Itto.

Rabha ta je ta gaishe shi da ƙullin sukari da ganyen shayi. Ya karɓa yana tsokanarta, wai ga amaryarsa ta birni ta zo biko. Da ta faɗi abin da ya kawo ta sai fuskarsa ta sauya. Ya ce kakansa ya yanka rago a kan wannan suna, shi ba zai tono abin da dattawa suka binne ba. Ya ƙara da cewa in har Assu ya je ya ba Nasara tsohon sunansa, to shi ya fara yar da gidan da ya ciyar da shi. Ta roƙe shi, ya ce ta sha shayinta kafin ya huce.

Ranar kasuwa ta gaba Rabha ta sayi rago, babba mai ƙaho. Ta sa aka ɗora shi a motar kaya har ƙauye, ta ja shi da hannunta ta tsakiyar gari da hantsi, mutane suna kallo, ta ɗaure shi a ƙofar Haddu. Ya fito yana dogara sanda.

"Wannan fa? Sadakin nawa kika kawo?"

"Tara ce, Kaka. An ce wanda ya ambaci sunan ya biya rago. Ga ragon na biya maka tun kafin ka yi laifin. Saura sunan."

Maƙwabta sun riga sun taru. Wani ya yi dariya, Haddu ya harare shi ya yi tsit. Tsohon ya zagaya ragon, ya taɓa gadon bayansa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ce an cuce ta, ragon ya tsufa. Ta ce ai daidai da mai shi ta zaɓo. Al'adar da yake fakewa da ita ce aka cika masa a gaban jama'a, ba shi da sauran mafita, kuma ina jin shi ma abin ya daɗe yana damunsa.

"Lahsan," in ji shi. "Assu ɗan Lahsan, daga wani ƙauye a kwarin Ziz. Babana ya faɗa mini sau ɗaya, ya ce in na maimaita zai karya ni."

Da wannan suna Rabha ta sake rubutawa. Wannan karon amsa ta zo da kauri. Assu ɗan Lahsan ya mutu a kan wani dutse a Italiya a lokacin sanyi, harsashi ya same shi yana jan alfadarin da ke kai wa 'yan'uwansa ruwa da abinci. An binne shi a maƙabartar sojoji Musulmi, har da hoton kabarin suka haɗo. An kuma aika da labarin mutuwarsa tun a lokacin, amma can kwarin Ziz aka aika, ƙauyen da yunwa ta riga ta watse.

Rabha ta karanta wa kakarta a tsakar gida. Itto ta riƙe hoton ta daɗe tana kallo, duk da ba ta iya karatu ba. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta tambaya ko an fuskantar da shi alƙibla, Rabha ta ce haka ake yi wa duk na wannan maƙabartar. Sai ta ce a kira mata mata su zo murza kuskus.

Ranar Juma'a aka yi sadakar. Haddu ya aiko da ragon nan, ya ce shi ba ya cin tsohon nama. Duk ƙauyen ya zo, har da masu maganar Baturiya, suka ci suka ƙoshi, babu wanda ya nemi gafarar kowa. Da malamai suka gama karatu, liman ya tsaya, ya aika a tambayi Itto da wane suna za a yi wa mamacin addu'a. Aka zuba wa Haddu ido.

Itto ta amsa daga bayan labule, da muryar da kowa ya ji: "Ku ce Assu ɗan Lahsan, wanda Bassu ya riƙa."

Haddu ya gyara zama, ya ɗaga tafukansa kafin liman ya ɗaga nasa.