Minti Uku na Mai In'ina

Ni mai in'ina ne. Gara in faɗa tun yanzu, don a takarda ba za ku gane ba, alƙalami ba ya sarƙewa. A baki kuwa, in kalma ta tare ni sai in tsaya cik, jijiyar wuya ta tashi, mai saurarona ya kama kallon takalminsa. Shekara arba'in da ɗaya ina haka ban damu ba, domin sana'ata ba ta baki ba ce. Wanke tankunan ƙarƙashin ƙasa nake yi, na ruwa da na dagwalon masana'antu. Mutum ɗaya ya shiga, ɗaya ya riƙe igiya a sama.

Ranar da ƙanena, Autanmu, ya shiga tankin wata masana'antar fenti bai fito da rai ba, ni ne a kan igiyar.

Bayan shekara guda Sakataren ƙungiyarmu ta masu wanke tanki ya same ni a gida da takardu a hammata. Ya ce majalisar dokoki ta ƙasa tana duba ƙudirin kare lafiyar ma'aikata. Na ce to, Allah ya taimaka, mu ina ruwanmu?

"Ruwanmu kuwa har wuya," in ji shi. "Ka ga doka ba rana ɗaya ake haihuwarta ba. Karatu na ɗaya sunanta kawai ake kira. Na biyu a yi ta cacar baki a zaure. Daga nan sai a miƙa wa kwamiti, su kwance ta sashe-sashe kamar inji, su kira jama'a su ji ta bakinsu. In ta bar hannun kwamiti, gyara ya yi wuya. Yanzu tana can."

Ya buɗe sashe na tara ya ɗora yatsa. Dokar ta tilasta a gwada iskar tanki kafin mutum ya shiga, amma ga wanda yake da takardar ɗaukar aiki kaɗai. Mu kuwa 'yan aikin yini ne, a bakin ƙofa ake kiranmu da safe, a sallame mu da yamma. Wato an ɗinka riga an manta da mai jin sanyin.

An ba ƙungiyarmu gurbin mutum ɗaya, minti uku. Sakatare ya ce shi zai yi magana. Na ce a'a. Ya ce in yi wa Allah in duba halina. Raina ya ɓaci, na buga tabarma na ce shi ya riƙe igiyar ko ni? Kafin in gama faɗin haka shayinsa ya huce, amma ya ji.

Maiɗakina ba ta ɓoye mini komai. Da ya fita ta ce, "Minti uku? Kai da sallama kaɗai take cin maka ɗaya?"

Duk da haka ita ta riƙe mini waya tana ƙirga lokaci muna gwaji kullum bayan na dawo aiki. Ranar farko minti goma sha biyu. Muka yanke, muka rage, muka canja duk kalmar da ke shaƙe ni. Sati biyu muna fama, ban taɓa sauka ƙasa da bakwai ba. Ta ce in bar wa Sakatare. Na ce ko kalma biyar na samu na faɗa, da bakina zan faɗe su.

Ginin majalisa ƙofa uku ake wucewa. A ta farko aka laluba mu, a ta biyu aka karɓe wayoyi, a ta uku aka rataya mana kati a wuya. Ɗakin kwamitin yana hawa na biyu, sanyi kamar cikin firji. Teburi ne dogo mai lanƙwasa da kujeru ashirin da ɗaya, na ƙirga, tara ne da mutane. A ƙasan kujerar Shugaban kwamiti akwai ɗan ƙaramin teburi, wata dattijuwa na zaune da tabarau mai sarƙa. Gabanta fitila mai kala uku, da ƙararrawa, da littafi, a hannunta kuma agogon dannawa. Sakatare ya raɗa mini cewa ita ce Mai Agogo. Kore ka yi magana, rawaya saura rabin minti, ja ta buga ƙararrawa a kashe maka lasifika.

Manya aka fara kira, ƙungiyar masu masana'antu da lauyoyinsu. Na ga wani lauya mai baki kamar reza, yana tsakiyar jimla ta buga masa ƙararrawa ko ɗaga kai ba ta yi ba. Na ce a raina, shi ke nan, wannan baiwar Allah ba ta da imani. Wallahi tsanarta na ji, ita da fitilarta.

Ni ne na goma sha bakwai. Kafin a zo kaina rana ta yi tsaka, 'yan majalisa shida suka rage, ɗaya na ta latsa waya a ƙarƙashin teburi. Na zauna gaban lasifika. Fitila ta yi kore.

Sallama ta fita lafiya. Sana'ata ta fita da kyar. Da na zo kan "ƙanena" sai ƙofa ta rufe. Na tura, na tura, ba abin da ke fita sai iska. Wani ya yi gyaran murya a baya. Na san minti ɗaya ya tafi a banza. Na saci kallon fitila, kore. Kalmar ta ɓalle, na ci gaba, na sake maƙalewa a kan "tanki". Na sake duba fitila, har yanzu kore.

A karo na uku ne na lura da babban yatsanta. Da na sarƙe sai in ji ƙas, ta danna. Da kalma ta fito, ƙas, ta sake dannawa. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, idonta na kan agogo kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. In'inar ba ta tafi ba, amma na daina kokawa da ita.

Na gaya musu yadda Auta ya sauka yana yi mini tsiya cewa na yi ƙiba, shi ya sa nake laɓewa a kan igiya. Na gaya musu iskar da ke kisa a tanki ba kullum take wari ba. Ina cikin haka wani ɗan majalisa mai zobba uku a hannu ɗaya ya ja lasifikarsa.

"Shugaba, a yi mini afuwa. Agogon bango ya nuna mutumin nan ya ci minti takwas. Ko agogon Hajiya ya lalace ne?"

Shugaba ya leƙo ta saman teburi. "Hajiya?"

Ta miƙe a hankali tana dafa gwiwa. "Ranka ya daɗe, lafiyarsa ƙalau. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da shi. In lasifika ta ɗauke nakan tsayar. In tafinta na fassara nakan tsayar. In ɗan majalisa ya katse mai magana nakan tsayar, kamar yadda na tsayar yanzu."

"Wannan na yau a rubuce yake a ƙa'idar kwamiti?" in ji mai zobba.

"Ba a rubuce yake ba, ranka ya daɗe."

"To da izinin wa?"

"Ba da izinin kowa ba."

Ta zauna abinta. Shugaba ya shafa gemu, ya ce za a duba wannan daga baya, malam ya ƙarasa.

Na ƙarasa. Na ce igiya ta yi nauyi a hannuna farat ɗaya, na kira shi bai amsa ba. Mu uku muka jawo shi. Na ce masu masana'antar sun zo gaisuwa, sun kuma ce ba ma'aikacinsu ba ne, kuma ba su yi ƙarya ba, ba shi da takarda. Na'urar gwada iskar ba ta fi tafin hannu ba, tana cikin ofishinsu a durowa ranar. Na ce in sashe na tara ya wuce yadda yake, gobe ma a durowa za ta kwana. Na yi shiru don kaina, fitila na rawaya.

Wata 'yar majalisa da ba ta ce uffan ba tun safe ta tambaye ni mu nawa ne masu irin aikin nan ba takarda. Na ce cikin goma, tara. Ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙasa.

Sauran kuma jira ne, kuma majalisa ta iya sa mutum jira. Wata uku kafin rahoton kwamiti ya fito. Sakatare ya zo da gudu har yana tuntuɓe da bokitin wanki: an gyara sashe na tara, duk wanda zai shiga tanki sai an gwada masa iska, da takarda ko babu. Ƙudirin ya wuce karatu na uku, ya tafi ɗaya zauren majalisar ya yi wata biyar yana barci, sannan Shugaban ƙasa ya sa hannu. Ba zan ce ni na yi ba, mutane da yawa sun yi magana. Amma an ji ni.

Da za a tambaye ni gyaran majalisar nan, ba dogon turanci zan yi ba. A fara kiran ƙananan mutane da safe lokacin da kujeru ke cike, lauyoyi su jira, ai zaman ma aikinsu ne. Kuma duk ɗan majalisar da ya sulale kafin a tashi, a manna sunansa a ƙofa mutanen garinsu su gani. Amma wa ya tambaye ni?

Maiɗakina ce ta ce rashin kunya ne in ban koma na yi godiya ba. Na sake wuce ƙofofi ukun nan. A ɗakin kwamiti wani mutum na tarar a ƙaramin teburin. Ya ce Hajiya ai tun satin da na yi magana aka ba ta takardar tuhuma, aka mayar da ita ɗakin wasiƙu a ƙasa. Na sauka ina zagin mai zobba a zuci, zagin da ba in'ina a cikinsa.

Na same ta tsakanin buhunan wasiƙu tana buga hatimi. Ta gane ni nan take.

"A'a, malam mai tanki! Ya iyali?"

Na durƙusa na ce ta yafe mini, ni na jawo mata. Ta yi dariya har tabarau ya zame.

"Tashi, ɗana. Nan ba sanyin na'ura, gwiwata ta huta. Kuma ka san abin dariya? Bayan sun kore ni sun zauna sun rubuta shi cikin ƙa'ida. Yanzu dole a tsayar wa irinka da agogo."

Na ce duk da haka alfarmar da ta yi mini ba zan manta ba har in mutu. Sai fuskarta ta canja. Ta jawo jakarta, ta fito da littafin nan, ta lasa yatsa tana buɗewa har ta kai ranar. Ta juyo mini da shi.

"Karanta. Na goma sha bakwai."

Minti biyu da daƙiƙa hamsin da ɗaya.

"Ni ba na alfarma da agogo," in ji ta. "Ko Shugaba ne ya kai uku sai na buga masa. Abin da ka zo faɗa bai wuce lokacinka ba, har ka bar musu daƙiƙa tara."

Na tsaya ina kallon lambar. Tun ina yaro nake jin cewa ina cinye wa mutane lokaci, har na yarda. Na zauna a kan buhun wasiƙu na yi kukan da ban yi ba ranar da muka binne Auta. Hajiya ta tura mini kujera da ƙafa, ta ci gaba da buga hatiminta.