Almakashin Kaka Alwin

Da Ortwin Leipold ya san abin da kwalin nan zai jawo wa gidansa, da tun a bakin ƙofa ya ce wa Hartmut ya koma da abinsa. To, bai sani ba. Hannu biyu ya karɓa, har da cewa a shigo a sha kofi.

Hartmut maƙwabcinsa ne, dillalin tsofaffin kayan gilashi, mai tumbi da yawan dariya. Shi kuwa Ortwin motar share ƙanƙara yake tuƙawa a garin Lauscha, amma ba da wannan aka san shi ba. An san shi da gyaran tsofaffin ƙwallayen gilashi, 'yan ƙananan nan da kakanni suka riƙa yi da hannu don wasan yara. In Ortwin ya ɗaga ƙwallo ya ce tsoho ne, magana ta ƙare.

"Buɗe ka gani, sarkin tsoro," in ji Hartmut. "Amma zauna tukuna, ba zan iya ɗaga ka daga ƙasa ba."

Ortwin ya buɗe. Ƙwallaye ne cike da tafi biyu, kowanne da farin zare a murɗe a cikinsa, ja da shuɗi suna zagaye shi. Wani hazo-hazo ya lulluɓe bayansu. Ya ɗauki guda, ya sa madubinsa na ƙara girma a ido, ya juya shi yana neman cibiya.

Duk ƙwallon hannu yana da cibiya, wato gurbin da almakashi ya yanke shi daga sandar gilashi tana da zafi. A nan ake gane shekarunsa, wani lokaci har da hannun da ya yi shi. Shi ya sa mai gyara zai wanke, zai ɗan goge, amma ba ya taɓa cibiya. Ƙwallon da aka shafe wa cibiya ya zama ɗan tsintuwa, ba wanda zai ƙara cewa ga asalinsa.

A gefen cibiyar nan Ortwin ya ga wani ɗan tabo kamar jinjirin wata. Ya san shi kamar yadda ya san tafin hannunsa. Almakashin kakansa Alwin ne kaɗai ke barin wannan tabo, saboda bakinsa ya ɗan ɓantare tun Alwin yana saurayi.

"Ina ka samo waɗannan?"

"Tambayi ɗanka mana. Tilo ne ya kawo min. Wai a ƙarƙashin katakon daɓen gidan tsohon ya same su." Hartmut ya kurɓi kofi. "Akwai wani mutumin Holan da ke so, zai zo mako mai zuwa. Ka wanke min su, in ya zo ka ce masa ka duba, tsofaffi ne. Amma fa mutumin ba shi da wasa. Bara wani ya sayar masa da na bogi, sai da ya kai shi gaban alƙali."

Bayan ya tafi, Ortwin ya daɗe a zaune. Gaskiya ne Tilo yana gyaran tsohon gidan Kaka Alwin da ke kan gangare, don su tare shi da budurwarsa Silke bayan biki. Gaskiya ne kuma masu aikin tanderu a da suna zuwa gida da ƙwallaye a aljihu. Amma yaro ya tsinci aikin kakan ubansa, ya wuce ƙofar ubansa, ya kai wa dillali? Kuma Tilo ba baƙon wuta ba ne. A tanderun gilashi yake aiki, kowa na cewa hannunsa ya fi na sa'o'insa. Kwanan nan ma an ce ba ya tashi daga aiki da wuri.

Ya tashi ya nufi falo, inda almakashin ke rataye a bango sama da agogo. Yana nan. Sai dai ba ƙura a jikinsa, kuma da ya buɗe shi, bai yi ƙarar nan da ya saba yi ba. An sa masa mai. A bakinsa akwai wani shuɗi-shuɗi irin na ƙarfen da ya sha wuta.

"Gudrun! Wa ya taɓa almakashin nan?"

Matarsa ta leƙo daga kicin, hannunta duk dankali. "Tilo ya ɗauka, ya dawo da shi. Me ya faru?"

"Ya ce miki me zai yi da shi?"

"Ban tambaye shi ba. Shi ma na kakansa ne ai. Ortwin, kada ka fara. Yaron nan yana yin atishawa sai ka ce tarin fuka ne."

Ortwin ya mayar da almakashin bango. Washegari da ya tashi aiki, ya bi ta gidan gangaren. Tilo ba ya nan. Ta taga ya hango daɓen a ɓaɓɓalle, kamar yadda aka faɗa. Amma a tsakar gida ga injin kwaɓa siminti, da ɗan yashi mai laushi a cikinsa. Ortwin ya sa hannu ya murza yashin. Duk mai tara ƙwallaye ya san dabarar: a yi sabo, a zuba a yashi, a juya shi kwana da kwanaki har ya yi hazo ya zama kamar ɗan shekara ɗari. To, amma wane mai gini ne ba shi da yashi?

Ya dawo ya sake duba ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallon da yara suka yi wasa da shi yana da tabban karo a jikinsa. Waɗannan ba ko ɗaya. Hazon ya bi ko'ina daidai wa daida, har cikin cibiya. Haka yashi ke yi. Haka kuma damshi da farar ƙasa ke yi wa gilashin da ya daɗe a ƙarƙashin daɓe ba wanda ya taɓa shi. Ya juya, ya lasa, ya ɗaga a hasken taga. Idon da gari ya dogara da shi ya ƙi gaya masa komai.

Ran Lahadi Tilo ya zo cin abincin rana. Dogo ne, da tabon ƙuna a damtse, ya zauna ya ja kwanon curin dankali gabansa.

"Mama, ƙara min romo. Baba, yau wa ya mutu kuma? Ka ga fuskarka kuwa?"

"Aiki lafiya? Na ji ba ka tashi daga aiki da wuri."

"Kayan Kirsimeti muke yi. Ko so kake in kawo maka shaida daga shugabanmu?"

Gudrun ta yi dariya. Tambayar tana bakin Ortwin, ya haɗiye ta da romo. In ya tambaya yaron ya ce e, yaya zai yi? In ya ce a'a, zai yarda? Ya kalli hannun Tilo a kan cokali, ya ga hannun nan a cikin ankwa, ya ga Silke ta maido zobe, ya ga mutanen gari suna sauke murya in Gudrun ta shiga shagon burodi.

Da safiyar Litinin ya sauka ɗakin aikinsa na ƙasa, ya kunna injin goge gilashi, ya ɗiga ruwa da garin wasawa. Tunaninsa guda ne. In ba cibiya, ba wanda zai sayar da su da sunan tsofaffi. In ba a sayar da sunan tsofaffi ba, ba a cuci kowa ba, ba alƙali. Ya ɗora na farko, ya danna shi ta wajen da bai taɓa dannawa ba a rayuwarsa. Jinjirin watan ya dushe, ya ɓace. Ya ɗora na biyu. Kafin azahar duk sun fito sumul, suna walƙiya kamar alewa, jan da shuɗin sun fito raɗau. Ba su taɓa yin kyau haka ba, kuma ba su da sauran daraja.

Da Hartmut ya zo karɓa ran nan, bai yi dariya ba. Ya juya guda a hannu, ya juya, ya rasa abin da yake nema.

"Ortwin, me ka yi?"

"Injin ne ya ci da yawa. Hannuna ya fara rawa."

"Duka? Hannunka ya yi rawa a kan duka?" Ya rufe kwalin a hankali. "Kai ne ka koya wa rabin garin nan cewa ba a taɓa cibiya. Ka sani dole in faɗa wa mutane."

"Faɗa musu. Asarar a kaina take."

Kafin la'asar Tilo ya banko ƙofa, ko takalmin ƙanƙara bai cire ba.

"Baba, da gangan ka yi."

"Me ka yi da almakashi?"

Tilo ya tsaya cak. Ya dubi bango, ya dubi ubansa. "Au, abin ke nan? Ɗauka na yi in gwada bakinsa da tabon, in tabbatar na Kaka ne. Ya ƙi buɗuwa, na sa masa mai."

"Shuɗin wutar da ke bakinsa fa?"

"Tun ina yaro yake haka!"

Ortwin ya yi ƙoƙarin tunawa. Kullum yana wucewa ta gaban almakashin nan, amma ya kasa cewa e ko a'a.

"To me ya hana ka kawo min su?"

"Saboda na san ka! Da sun shiga akwatinka ba za su sake ganin rana ba, ni kuwa rufin gidana yana yoyo. Muna zaune tebur ɗaya ran Lahadi. Ba ka iya buɗe baki ka tambaye ni ba? Ka gwammace ka ɗauke ni ɓarawo ka rufa min asiri?"

"Tsoro na ji maka."

"Kullum tsoro kake ji min. Ko sau ɗaya ka gwada yarda da ni mana."

Ya sa hannu a aljihu, ya ciro wani ƙwallo, ya dire a kan tebur. Ya fi sauran girma, da hazonsa, da cibiyarsa. "Wannan na ware maka ne don ranar haihuwarka. Shi ma sai ka goge." Ya fita. Gudrun ta bi shi da kira har bakin titi, ta dawo ta wuce kicin ba ta dubi mijinta ba.

Ƙwallon yana nan a kan tagar ɗakin ƙasa. An daina kawo wa Ortwin gyara, don haka yana da lokacin dubansa. Tilo yana zuwa wajen uwarsa, ya gai da uban a tsaye. An rufa gidan gangaren da sabon rufi, Ortwin bai tambayi yadda aka yi ba. Wata rana in ya sa madubi sai ya rantse hazon na damshi ne, ya ji kamar ya hau gangaren ya durƙusa. Washegari ya duba, sai ya ga yashi.

Har yau bai san ko laifin ɗansa ya goge a injin nan ba, ko hannun kakansa.