Fitilar Rufin Motar Apa

Tun da ciwon mantuwa ya kama mahaifina Onofre, Apa muke ce masa, ya daina sanin fuskata. In na je gidan kula da tsofaffi sai ya miƙe ya ba ni kujera kamar baƙuwa. Abu ɗaya ne bai bar kansa ba: tsohuwar motarsa ƙirar Impala, wadda ya rufe a gareji tun rasuwar mahaifiyarmu ina 'yar goye. Sai na ƙudurta zan tashi motar. A raina na ce in ya gan ni a motarsa, wataƙila ya kira ni mija, wato 'yata, ko sau ɗaya ne.

Aikin wayarin nake ci da shi a nan Española, amma ban taɓa ganin hauka irin wanda ke bayan sitiyarin nan ba. Duk wayoyin ja ne, don ɗauri guda Apa ya saya ya yi ta amfani da shi shekara da shekaru. Ɓeraye sun ci rabonsu, salatif ya narke.

"Reyna, wannan ai taliya ce," in ji yayana Eloy, yana cin gasasshen barkono a kan kayan aikina.

"To zo ka cinye, tunda ci kaɗai ka iya."

Na tsige komai na sa sabo, kowace waya da launinta. A ciki na tarar da wata da ta taso daga makunnin birki ta bi ta ƙarƙashin rufi har zuwa fitilar cikin mota. Na yi tsaki na yanke ta. Wane mai hankali ne ke haɗa birki da fitilar rufi?

Ranar Lahadi da la'asar, lokacin da masu tsofaffin motoci ke fitowa yawo a hankali a babban titi, muka ɗauko Apa. Yana hango motar ya tsaya cak. Ya shafa ƙofar, ya shiga mazaunin direba ba wanda ya taimake shi.

Ya taka birki, ya ɗaga kai. Ya sake takawa.

"Ba tawa ba ce," ya ce.

"Taka ce, Apa. Gyara ta na yi."

"A'a, baiwar Allah. Tawa in na taka birki fitila na kamawa. Tila ce ke shafa jan baki duk inda muka tsaya, kullum tana mitar ba ta gani. Ni na ja mata wayar da hannuna." Ya dube ni da tausayi. "An cuce ki, wata aka sayar miki."

Tila mahaifiyata ce. Ba wanda ya taɓa ba ni wannan labarin. Eloy ya juya baya yana goge ido da hula.

Apa ya fito ya rufe ƙofar a hankali, har da ba ni haƙuri don ya zauna a motar mutane.

Kafin rana ta faɗi na mayar da wayar, aikin da bai kai shan kofi ba. Na zauna ina taka birki, fitila na kamawa, ina kuka kamar yarinya.

Lahadi ta zagayo muka koma da motar har bakin ƙofar gidan tsofaffin. Na buɗe wa Apa ƙofar motar, na roƙe shi ya taka sau ɗaya kawai. Eloy ya shiga ya taka masa, fitilar ta kama, amma da rana tsaka wa zai lura.

Apa ya riƙe hannun ma'aikaciyar da ta fito da shi, ya ƙi matsowa.

"Na faɗa wa matar nan ba tawa ba ce," ya ce mata. "Don Allah ki ce ta daina zuwa."