Jan da ke cikin hannun Gunvor

Lokacin shanyar kifi ya zo. A rumfar Torleif ana ɗaure kifi wutsiya da wutsiya, biyu-biyu, a rataye a kan katakai iska ta busar. Ƙanwarsa Gunvor tun tana budurwa take wannan aiki. Mijinta ya rasu, ɗiyarta ta yi kudu, ba ta cika kira ba. In dai Gunvor za ta yi hira da mutane, to a rumfar nan ce, cikin ƙarni da sanyi.

Ta daɗe da ciwon lupus, irin wanda jiki ke juyowa ya ci kansa. Bana ya sauko mata hannu. Da safe yatsun sai su ƙi lanƙwasuwa, sai ta tsoma su a ruwan ɗumi. Amma a ido lafiya lau suke, ba kumburi, ba ja. Ba ta faɗa wa kowa ba. A tsibirin nan in ka tambayi mutum jiki cewa yake da sauƙi, ko da ƙafa ɗaya ta rage masa.

Ranar komawarta asibiti Torleif ya raka ta, don yana da sayayyar igiya a birnin Bodø, inda asibitin yake. Likitar, wata doguwar yarinya, ta bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya tana matsawa.

"Da zafi nan, Mama?"

"Ba wani abin faɗa."

Likitar ba ta ji kumburi ba. Amma ta ga yadda Gunvor ta yi fama da maɓallin riga. Ta ce za ta yi wa hannun sikanin.

Gunvor ta leƙa waje. "Shigo, Yaya, ka ga ana yi mini irin na masu ciki."

"Da tsufanki? Wane mara imani ne ya yi wannan aikin?" in ji Torleif. Ya shigo ya tsaya da hula a hannu.

Aka shafa mata wani mai, mai sanyi da yauƙi, aka ɗora kan na'urar a wuyan hannu. Allo ya nuna toka-toka. Likitar ta danna wani abu, sai ja ya fito, yana ƙyaftawa. Ta matsa kan yatsu. Nan ma ja.

"Jini ne ke tururuwa a cikin gaɓar," in ji ta. "Kumburin yana can ƙasa, inda hannuna ba ya kaiwa. In aka bar shi yatsun za su iya karkacewa. Zan canza miki magani. Aiki mai ƙarfi cikin sanyi kuma, bana ki haƙura."

"Injinku ne bai da lafiya," in ji Gunvor. "Ga hannu kina gani."

Ta waiwaya neman mai goya mata baya. Torleif bai dube ta ba. Allon yake kallo, ya ɗan sunkuya, kamar yadda yake tsayuwa a ɗakin tuƙin jirgi. Tun yana da baƙin gashi yake karanta irin wannan allo a jirginsa na kamun kifi, mai nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa. Inda ya yi ja, nan kifi ya taru. Bai taɓa jefa raga a kan ja ya ɗago wofi ba.

A jirgin ruwa na komawa tsibiri suka zauna bakin taga. Ya sayo mata gahawa, ya ajiye a tebur, bai miƙa mata a hannu ba.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun kaka."

"Kika rufe baki."

"Kai da haƙarƙarinka ya karye ka faɗa wa wani?"

Can ya ce, "Litinin kada ki zo rumfa."

"Yaya, hannu ne kamar na kowa."

"Na ga ƙasansa."

"To in zo in zauna. In dafa muku gahawa."

"Ke? Ki zauna kina kallon abokiyar aikinki Aslaug tana ɗaurin nan nata na ganin dama? Kafin ruwa ya tafasa kin tsoma hannu. Na san ki."

"Gidan ba kowa, Yaya."

Ya juya hular a gwiwarsa. "Na sani," ya ce.

Ran Litinin ta farka a lokacin da ta saba. Ta sha sabon maganin. Daga tagar kicin ana hango rumfar, ƙofa a buɗe, mutane na shiga da fita. In iska ta juyo takan kawo muryar Aslaug, amma ba a jin abin da take cewa.

Da hantsi ta buɗe ƙofa ta tarar da kwano a dokin ƙofa, an rufe da faranti. Kifi ne, an gyara, an cire ƙaya, an yanka ƙanana yadda ba sai ta riƙe wuƙa ba. Sawun takalmin Torleif ya zo har matakala ya juya. Bai ƙwanƙwasa ba.

Ta rungumo kwanon da damatsa biyu ta shiga ciki.