Gaiwar Dutse

A shekarar da tafkin Gidimuni ya ja baya har ƙasarsa ta tsattsage, Tahiru mai haƙar rijiya ya rantse ba zai bar dabinon da ubansa ya dasa su mutu yana kallo ba. Bakwai ne suka rage. Maƙwabta duk sun ɗaure kaya sun nufi Damagaram. Matarsa Ramlatu ta yi magiya har bakinta ya gaji, amma shi taurin kai gadon gidansu ne. Ya kama haƙa a tsakiyar gonar.

Da zurfin rijiyar ya kai gaba tara, digarsa ta ɓallo wani falalen dutse. A jikinsa ga ƙasusuwan wata halitta kwance: faffaɗan kai, haƙarƙari a jere, gajerun ƙafafu huɗu masu yatsu. Tahiru ya fito da dutsen yana kiran matarsa.

"Gaiwa ce, Ramlatu! Ruwa ya kusa!"

Duk ɗan bakin tafki ya san gaiwa, kifin nan da ke shigewa cikin laka in ruwa ya janye, ya yi ta barci har damina. Inda ta kwanta ba a rasa danshi.

"Malam," in ji Ramlatu, "yaushe gaiwa ta yi yatsu?"

Ko kallonta bai yi ba. Ya ba da akuyarsu ta ƙarshe aka ba shi igiya, ya ƙara gaba huɗu. Busasshiyar tsakuwa kawai guga ke fitarwa.

Mushe Alkasum, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya zo ya daɗe yana juya dutsen.

"Baba, gaskiyarka, a ruwa ta rayu. Sai dai ruwanta ya ƙafe tun ba a san da mutum a duniya ba. Ba barci take ba."

Da la'asar Tahiru ya ɗauki butarsa, da ruwan da Ramlatu ta yi tafiyar rabin wuni ta ɗebo, ya tsiyaye a kan dutsen. Ƙasusuwan suka yi duhu, suka fito sarai kamar za su motsa. Ya tsuguna yana jira. Kafin ya cika salati goma, dutsen ya bushe.

Nan ya yi kukan da bai yi ba ranar da ya binne ubansa.

"Ita ma jira ta yi," ya ce wa Ramlatu. "Ɗaure kayan."

Da safe suka bi ta gefen gonar. Tahiru bai waiwaya ba. Ramlatu ce ta duba, ta ga dabino biyu ne kawai ke da sauran kore, kuma ba ta gaya masa ba.